Mutum 14 a kwamiti, mutum ɗaya ya kwana yana rubutu

Lawal Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau ba kukan albashi na kawo ba, wata magana ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya. A wurin aikinmu an kafa kwamiti na mutum 14, aka ce mu fitar da rahoton shekara. Mako shida muna zama, Talata da Alhamis. A takarda zaman ƙarfe 10 ne, amma ba a buɗewa sai sha ɗaya da rabi saboda jiran shugaba. Kafin a yi addu'a, a karanta minit ɗin zaman baya, a gama gardamar wanda aka rubuta sunansa babu "Alhaji", an kira azahar. Zama 12 muka yi, ko shafi ɗaya bai samu ba. Ran Litinin oga ya ce Laraba yake son ganin rahoto a teburinsa. Na kwashi fayilolin na zuba a but ɗin mota, na yi dare biyu a falo da fitilar sola, na fitar da shafi 38. Da aka buga, an jera sunayenmu bisa girman muƙami, nawa ne na 11.

Ba hassada nake yi ba. Tambayata ita ce, wannan haɗin kan da kullum ake kai mu bita a kansa, anya yana da amfani a aikin da ake yi da ƙwaƙwalwa? Ni dai abin da idona ya gani taron tsintsiya ne ba shara.

Abba Filin Samji:
Wa alaikumus salam Yaya Lawal. Kafin a shiga falsafa, alawus ɗin zama fa? An biya?

Lawal Ƙofar Sauri:
An biya na zama 12 cif. Har wanda sau biyu muka ga ƙeyarsa ya sa hannu ya karɓa.

Abba Filin Samji:
To ai ka ga amfanin haɗin kai ke nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hajiya Binta:
Malam Lawal, sannu da ƙoƙari, amma bari in ja ka kaɗan. Alƙaluman da ka cika shafi 38 da su, daga kanka ka ciro su? Wa ya bi ofis-ofis ya tattaro? Wa ya daidaita abin da aka kashe da abin da aka ware a kasafi? Na riƙe sashe shekara tara, na san mai rubutun ƙarshe yakan ji kamar shi kaɗai ya yi aikin, don shi ne ya hana idonsa barci. Amma jinkar da ka ɗora, wasu ne suka yanko karan.

Lawal Ƙofar Sauri:
Gaskiyarki Hajiya, ba zan ci haƙƙinsu ba. Wata baiwar Allah a sashen kuɗi ita ta ba ni lissafin kashewa, akawunmu ya zaƙulo mini rahoton bara, sai wani ɗan bautar ƙasa da ya shigar da alƙaluman ƙananan hukumomi a kwamfuta. Mu huɗu ke nan. Kuma biyu daga cikinsu ba ma sa cikin kwamitin.

Hajiya Binta:
To ka ga ba haɗin kai ne ya gaza ba. An yi haɗin kai, a waje da ɗakin taron aka yi shi.

Dakta Sani:
Abin da ya sami Malam Lawal tsohon ciwo ne, har an taɓa auna shi. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Ringelmann, ya sa mutane jan igiya yana auna ƙarfinsu, ya buga sakamakon a 1913. Mutum shi kaɗai yana ba da ƙarfinsa duka. Da aka tara takwas a igiya ɗaya, abin da kowa ke bayarwa ya sauko kusan rabi. Wani ɓangare rashin daidaita ja ne, wani ɓangare kuma kowa ya san ba za a gane nasa ba. Igiya ke nan, wadda ake ganin jijiyar wuyan mai ja. Ina ga tunani, wanda mutum zai zauna ya ɗaure fuska yana kaɗa kai, alhali lissafin kuɗin makarantar yara yake yi?

Baba Mamman mai ritaya:
Lawal ɗana, Allah shi yi albarka. Dakta, ba sai mun je Faransa ba. Ni da gayya na tashi, a ƙauyenmu can wajen Mani. Kun san mi ke sa gayya ta yi aiki? Kowa da kunyarsa. In an jeru bakin gona, kowane saurayi ya kama kunya guda, mai ganga na biye yana kiran sunan uban kowa, 'yan mata na gindin gawo da ƙoren fura suna kallo. Wanda aka bari baya, gari duka ya gan shi. Wanda ya yi ha'inci ya turbuɗe ciyawa bai cire ba, bayan kwana uku za ta ɗago kai ta tona shi, kuma an san kunyar wane ce. To a kwamitinku ina kunyar kowa? An sa ku gona guda an ce ku nome, ba a ja wa kowa layi ba.

Sa'ad da na kama aiki muna ƙarƙashin Kaduna, sai 1987 aka ba mu jiharmu. A lokacin ba a cika tara mutane ba. Fayil ke yawo. Ƙaramin jami'i shi ke fara rubuta ra'ayinsa a takardar minit, ya sa hannu da kwanan wata, masinja ya kai wa na sama da shi, shi ma ya rubuta nasa, har ya isa ga babban sakatare. Ka lura, yaro ke fara magana, kafin ya san inda babba ya karkata. In shawararka ta fito da kyau, bayan shekara goma aka buɗe fayil za a ga hannunka. In shirme ka rubuta, shi ma yana nan. Tsarin yana da jinkiri, ban musa ba, fayil kan yi wata a ƙarƙashin tiren shayin wani. Amma ba wanda ke ɓuya a cikinsa.

Nura mai manhaja:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, wallahi abin da ka faɗa shi muke yi, sai dai a kwamfuta. Ni ina nan Katsina amma kamfanin da nake wa aiki yana Legas. Mu biyar ne a rukuninmu, kowa da guntun aikin da aka rubuta sunansa a kai. Kuma duk abin da na rubuta ba ya shiga manhajar sai wani ya karanta ya amince, ko da shugabanmu ne ya rubuta sai an duba nasa.

Maganar yawa kuwa, akwai lissafin da masu sana'armu suka daɗe da sani. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani ƙaton aikin manhaja a kamfanin IBM, ya rubuta a 1975 cewa in aiki ya makara ka ƙara masa mutane, ƙara makara zai yi. Dalili, sababbin sai an koya musu, kuma hanyoyin magana suna ninkuwa. Mu biyar, tsakanin kowane mutum biyu akwai hanya ɗaya, hanyoyi 10 ke nan. Ku 14, hanyoyi 91. Yaya Lawal, ba ku da lokacin rubutu ne saboda kuna gyaran hanya 91.

Abba Filin Samji:
Shi ya sa dambu in ya yi yawa ba ya jin mai.

Injiniya Kabir:
Ku yi haƙuri in ɓata muku hira. Faransa, IBM, Legas. Mu fa kwamfuta biyu gare mu a ofis, mu tara. Janareto sai oga na nan ake tayarwa. Mutumin da albashinsa ke ƙarewa ran 10 ga wata, kana ce masa ya ba da ƙarfinsa duka a igiya? A gyara wuta da albashi tukuna, sannan a zo ana maganar rukuni.

Maman Khairat:
Injiniya, ban ƙi taka ba, mu ma muna duba marar lafiya da fitilar waya. Amma akwai abin da ba wuta ba ce ke hana shi. Bari in ba ku abin da ya faru da ni, ina sabuwar nas, wata na huɗu da fara aiki, a wani asibiti da ba zan ambata ba.

Dutin dare ne. An kwantar da wata yarinya 'yar shekara ɗaya da 'yan watanni, likita ya rubuta allura. Maganin yara da nauyi ake lissafa shi. Na duba kati na ga an rubuta kilo 18. Yarinyar tana hannun uwarta, ƙafafunta kamar sillen kara, ko makaho ya ɗauke ta ya san ba ta kai haka ba. Na ɗora ta a sikeli a ɓoye, kilo 8. Wanda ya auna da rana ne ya yi kuskure, likita ya yi lissafi a kan kuskuren. Kun san me na yi? Na tsaya da sirinji a hannu kusan minti goma ina zufa. Likitan babba ne, ya haife ni, kuma ranar da safe na ga yadda ya wanke wata a gaban majinyata. Ban iya zuwa wurinsa ba. Sai na zagaya na tashi sistar da ke kula da ɗakin, ita ta je ta ce masa, "Yallaɓai ko za a sake duba nauyin nan?" Ya gyara, bai ce komai ba, ya wuce.

Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don da sistar ba ta nan ban san abin da zan yi ba. A aikinmu ba wanda ya isa ya yi shi kaɗai kamar Malam Lawal. Likita, nas, mai ba da magani, mai gwajin jini, mai miƙa aiki da safe, duk sarƙa ce. Amma tara mu wuri ɗaya bai isa ba in ƙarami ba zai iya buɗe baki ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takardar jerin abubuwan dubawa ta ɗakin tiyata a 2008, abubuwa 19 da ake bi kafin yanka da bayansa. A ciki akwai wanda ya fi ba ni mamaki: kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa da bakinsa kafin a fara. An gwada ta a asibitoci takwas a ƙasashe daban-daban, har da ɗaya a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata suka sauko daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8. Wanda ya riga ya yi magana sau ɗaya a ɗaki, ta biyun ba ta yi masa nauyi kamar ta farko.

Hajiya Binta:
Innalillahi. Maman Khairat, Allah ya saka miki. Jikina har ya yi sanyi.

Dakta Sani:
Labarin nan ya yi daidai da abin da wata malamar Jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta ci karo da shi a asibitoci a shekarun 1990. Ta zaci rukunin da suka fi jituwa za su fi ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta ga nasu ya fi yawa. Da aka bi diddigi, ashe su ne ke iya faɗin kuskurensu, sauran binnewa suke yi kamar ciyawar Baba. Daga baya Google ya binciki rukunoni 180 na ma'aikatansa, ya fara a 2012, yana neman sirrin waɗanda suka fi ƙwazo. Abin da ya zo a gaba shi ne mutum ya san in ya yi tambaya ko ya ce "na yi kuskure" ba za a muzanta shi ba. Tara haziƙai a rukuni bai kai wannan tasiri ba.

Abba Filin Samji:
To mu Katsinawa mun shiga uku ke nan. Ai kirarinmu ne, ta Dikko ɗakin kara, kunya gare ku ba dai tsoro ba. Baba ya ce a ba kowa kunyarsa, Maman Khairat ta ce kunya ta kusa kashe yarinya. Wace za mu ɗauka?

Baba Mamman mai ritaya:
Ɗan nema, ta gona na ce.

Malam Habu Daura:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa, sai yanzu na taso daga makaranta. Abba da wasa ya yi maganar, amma nan gizo ke saƙar. Sai dai ban yarda cewa tarbiyyarmu ce ke hana ƙarami gyara wa babba ba. Ku dubi masallaci. Liman dattijo mai furfura ya yi tuntuɓe a aya, yaro ɗan shekara 15 a sahun gaba ya ɗaga murya ya tuna masa. An taɓa cewa yaron ba shi da kunya? Liman ya manta ya miƙe a inda ya kamata ya zauna, mamu su ce subhanallah. Ba wanda ke jin an ci masa fuska. Me ya sa? Saboda an riga an tanadi gurbin gyaran, kowa ya san lokacinsa da lafazinsa, kuma kowa ya san sallar ake karewa. Haka a tafsirin azumi, mai jan baƙi yakan girmi malam ko malam ya girme shi, amma in malam ya kawo aya ya zame, alaramma zai ja ta daidai a gaban dubban mutane, malam ya ce madalla ya ci gaba.

Na yi tsangaya kafin boko, kuma tsarin da na gani can ya amsa tambayar Malam Lawal tun kafin a haife mu. Gardi yakan keɓe kansa a kiskadi bayan gari, shi kaɗai, ba mai yi masa magana, ya yi ta tilawa. Ya rubuta allonsa da ka ba tare da duba Alƙur'ani ba. Wannan aikin ba a yin sa da gayya, ko mutum biyu sun yi yawa. Sannan ya ɗauko allon ya kawo darasu, alarammomi su kewaye shi, a bi rubutun harafi bayan harafi, wasali da ɗauri, ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Wanda ya gano kuskuren da ya wuce wa sauran, ranar shi ne gwani. Mai allo kuma ba ya fushi, don abin da ya kawo shi ke nan.

Ku kuma a ofis kun juya abin. Wurin da ya kamata mutum ya keɓe ya yi tunani, kun taru ku 14 kuna kallon farar takarda. Wurin da ya kamata a taru a bi rubutu, kun bar mutum ɗaya, kowa ya sa hannu ya tafi. Malam Lawal, ina tambaya don Allah: shafi 38 ɗin nan, cikin 13 ɗin wa ya karanta kafin a kai wa oga?

Lawal Ƙofar Sauri:
Allah gafarta Malam, babu ko ɗaya. Shafin sunaye kawai suka duba.

Malam Habu Daura:
To allonka bai je darasu ba.

Nura mai manhaja:
Malam Habu ya gama magana. Kamfanin Amazon ma haka suke taron manyansu: mutum ya rubuta bayani mai shafi shida tun kafin ranar, in an zauna kowa ya yi shiru ya karanta, sannan a buɗe baki. Ni kiskadina daga bayan asuba ne zuwa ƙarfe 10. Waya tana ɗaki a kashe. Abin da nake yi a waɗannan awoyin ya fi na sauran yinin gaba ɗaya, don da an fara turo saƙo shi ke nan, kowane "kana nan?" sai ya tsinka mini zaren, in daɗe ina laluben inda na tsaya.

Hajiya Binta:
Malam Habu, misalinka ya ratsa ni, amma akwai bambanci. A masallaci nassi ɗaya ne, in yaro ya gyara kowa ya san ko daidai ne ko ba daidai ba. A ofis yawancin abin ra'ayi ne, kuma akwai ƙarin girma a tsakani. Na ga yaran da ke ajiye gyara a aljihu, ba za su faɗa maka a ofishinka ba sai an shiga gaban babban sakatare, don a ga sun fi ka. Wannan ba subhanallah ba ce.

Sannan akwai namu na mata da ba ku taɓo ba. Sau nawa zan kawo shawara a taro, ɗaki ya yi tsit kamar ruwa ya ci makaɗi, a wuce. Bayan minti goma wani Alhaji ya maimaita ta da muryarsa, sai ka ji "ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe", a rubuta a minit da sunansa. Da na zama shugabar sashe sai na ɗauki dabarar Baba ban ma san tasa ba ce: in za a yanke magana, daga mafi ƙanƙanta nake fara tambaya, ni ce ta ƙarshe. Ran da na yi kuskuren fara faɗin ra'ayina, kowa sai ya zama ɗan amshin Shata.

Injiniya Kabir:
Har yanzu dai ina kan bakana, amma bari in ƙara muku wani abu tunda an zo nan. Kuna maganar kiskadi. Mu an rushe mana bangayen ofis an ce don mu riƙa cuɗanya, aka zuba mu tara a ɗaki ɗaya. Mai tallan atamfa ta shigo, mai turare ya shigo, baƙon wani ya zo neman aiki wa ɗansa, ga gardamar ƙwallo. In ina da lissafin ƙarfen gini da ba ya son kuskure, mota nake shiga in tafi ƙarƙashin wata bishiya in yi.

Dakta Sani:
Injiniya, ga shi kai da kanka ka kawo hujjar Turawan da kake ƙi. An bi wasu manyan kamfanoni biyu a Amurka da suka rushe bangaye irin naku, aka buga sakamakon a 2018. Maganar baki da baki ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, saƙon imel ya ƙaru. Mutane suka toshe kunne, kowa ya gina bangonsa a fuska.

Injiniya Kabir:
Su suna da abin toshe kunne da wutar cajinsa. Amma ga wadda ta fi damuna. Akwai wani a wurinmu, shi kaɗai ya san yadda ake sarrafa wani jadawalin Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, da muke fitar da kiyasin kuɗin aiki da shi. Ya sa masa mabuɗin sirri. In ka ce ya koya maka sai ya ce gobe. Shekarar da ya tafi Hajji, sama da wata guda aikin na tsaye, har Makka aka kira shi. Da na ji haushinsa, daga baya na gane lissafinsa. Fom ɗin auna ƙwazo na shekara ba shi da layin da ke tambaya mutum nawa ka koya wa aiki. Abin da ya riƙe shi ne kaɗai ke sa a tuna da shi in za a tafi bita Abuja. Ku ce masa ya haɗa kai, ya ci me?

Dakta Sani:
Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma mu malaman jami'a ba mu tsira ba. Namu ma ya juye ne: ƙarin girma da yawan maƙalu ake yi, sai aka koma "sa ni a taka in sa ka a tawa". Ka ga maƙala da suna shida, biyu ne suka san abin da ke ciki. A takarda haɗin gwiwa, a zahiri adashi.

Abba Filin Samji:
Duk wannan laifin gwamnati ne, tun da aka zo da maganar

Admin:
Abba, dokar zaure. Ba siyasa. Na goge sauran.

Abba Filin Samji:
Tuba nake, ranka ya daɗe.

Lawal Ƙofar Sauri:
Jama'a na dawo da labari, bayan kwana tara. An ce mu yi rahoton rabin shekara na wani shiri, sai na roƙi oga ya bar ni in gwada abin da aka faɗa a nan. Mu biyar cikin 14 ɗin, kowa na yanka masa kunyarsa da ranar kawowa. Na haɗa, na tura musu kwana biyu kafin zama. Ɗan bautar ƙasar nan kuma na ce masa a gaban kowa, aikinka ɗaya ne, ka nemo kuskure, in ba ka samo ko ɗaya ba ba ka yi aiki ba.

Zaman awa ɗaya da kwata ya ɗauka. Yaron ya kawo gyara bakwai, biyar daidai ne. Da aka tashi sai ya tsaya yana murza hula, ya ce, "Oga, akwai wata magana a kan wancan rahoton na shekara." Ya buɗe shafi na 22. Jadawalin ƙananan hukumomi layi 35 ne. Jihar Katsina kuwa 34 gare ta. Mai'aduwa ta shiga sau biyu, ɗaya da rubutun Hausa, ɗaya da irin rubutun da ake yi a takardun gwamnati, na haɗa su da ƙarfe biyun dare ban lura ba. Jimillar duka ta haura. Rahoton da nake taƙama na yi ni kaɗai, mutum 14 sun sa hannu, oga ya sa hannu, an tura sama.

Na ce masa yaushe ka gani? Ya ce tun ranar da aka buga. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce, "Ba a tambaye ni ba, kuma na ga kai ka yi."

Hajiya Binta:
Malam Lawal, ba zan ce komai ba.

Lawal Ƙofar Sauri:
Gara ki faɗa Hajiya, shirun ya fi zafi.

Maman Khairat:
Kilo 18 ke nan. Allah ya sa naka takarda ce.

Baba Mamman mai ritaya:
Yaron nan, an sa sunansa a sabon rahoton?

Lawal Ƙofar Sauri:
Na sa, Baba, aka cire. An ce ba ma'aikacin dindindin ba ne. Na dai rubuta masa takardar yabo a fayil ɗinsa, da hannuna da kwanan wata. Watan gobe yake gama bautar ƙasa.

Injiniya Kabir:
Sauran taran da ka ajiye fa? Sun yafe?

Lawal Ƙofar Sauri:
Ina fa. Biyu sun daina amsa sallamata. Jiya takarda ta fito, an maido su duka a matsayin masu ba da shawara, zama ranar Talata ƙarfe 10.

Abba Filin Samji:
Yaya Lawal, a tambaya mana ko akwai gurbin mai ba da shawara na goma.